Ƙasar garinku a kan tebur: yadda ake ƙera allon tudu da kwari, da amfaninsa gare mu a Adar



Makon jiya wani ɗan uwa da ke aiki a Turai ya turo mana bidiyo ta WhatsApp. Manyan mutane ne, wasu har da furfura, sun kewaye wani tebur. A kan teburin akwai tuddai da rafi da itatuwa da gidaje, duk ƙanana, ga kuma ƴan sojojin roba da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Kowa na riƙe da abin awo, yana tura sojojinsa. Ɗan uwan ya rubuta a ƙasa: "Don Allah ku bincika mana, wannan wasan yara ne ko kuwa akwai wani abu a ciki?"

Mun yi dariya da farko. Amma da na sake kallo sai idona ya tsaya a kan ƙasar da aka ƙera. Da aka gama wasa, mutum ɗaya ya ɗaga tudu guda ya sa cikin akwati, wani ya ɗauke rafi. Ashe filin gutsi-gutsi ne, ana haɗawa ana rabawa. Nan na ce wannan ya kamata mutanenmu su san yadda ake yin shi, don muna da abin da za mu yi da shi wanda ya fi tura sojan roba.

Inda abin ya samo asali

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ya shata hanya da yatsa a kan yashi don ya nuna wa baƙo inda rijiya take, ya riga ya san tushen abin. Ƴan dara ma haka: ramuka 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴansa 12, ga filin yaƙi ya samu. Sojoji a ko'ina sun daɗe suna tara yashi su yi tudu da kwari kafin su fita.

A ƙasar Purusiya, wadda yau wani ɓangarenta yake cikin Jamus, wani mutum mai suna Georg Leopold von Reisswitz ya shirya wasan koyon yaƙi a kan teburin yashi mai danshi. Yashi kuwa kun san halinsa: yana bushewa, yana zubewa, ba ya ɗaukuwa. Saboda haka a 1812, da zai kai wa sarki Friedrich Wilhelm na Uku, sai ya sake dabara. Ya ƙera ƙananan alluna masu kusurwa huɗu, masu tauri, kowanne da siffarsa: wannan tudu, wannan hanya, wannan rafi, wannan gari. Ana jera su yadda ake so, gobe a sake jeri a samu wata ƙasar dabam. A 1824 ɗansa ya gyara wasan ya mai da shi kan taswirar takarda, rundunar Purusiya ta karɓe shi don horar da hafsoshi. Bayan da Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870, sojojin wasu ƙasashe suka fara kwaikwayo.

Daga bariki abin ya shiga gidaje. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma mai suna Little Wars. A 1983 kamfanin Games Workshop ya fitar da Warhammer, wanda har yau yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Irinsa ne ɗan uwanmu ya gani. Teburin da suka daɗe suna amfani da shi yana da tsawon kusan santimita 180 da faɗin 120, kuma da yawa suna raba shi alluna 6, kowanne santimita 60 a kowane gefe.

To mu me ya haɗa mu da wannan?

Wanda ya san Adar ya san ƙasarmu hawa uku ce: fako a bisa tudu, gangare mai duwatsu, sai kwari inda abinci yake. Ruwan da ya sauka a fakon wani gari shi ne gobe yake cinye gonar albasar wani garin da ke ƙasa. Wanda ke kwari bai taɓa ganin inda ƙoramar ta faro ba, wanda ke tudu bai ga ɓarnar da ta yi ba. Kowa gabansa kawai yake gani.

Dattawanmu sun ga abin da ake samu in an dubi ƙasa gaba ɗayanta. A kwarin Majiya, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan kusan mita 100. A Keita, bayan farin da ya gigita mutane, foroje ya fara aiki a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya PAM. An haƙa ramuka a gangare, an yi jerin duwatsu da kunyoyi a fako, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin a kansu. Darasin Keita shi ne ruwa daga sama ake fara kama shi, kafin ya tara ƙarfi.

Akwai kuma maganar burtali da mashaya. Ba mu manta da abin da ya faru a yankin Bangi, cikin gundumar Madawa, a watan Nuwamba 2016 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 15. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sau da yawa irin wannan yana farawa ne daga abin da ba a zauna an duba tare ba: ina burtali ya bi, ina ya tsuke, wace gona ce ta ci shi.

A kudancin Chadi an gwada wannan hanya. A 2012, a Baibokum, Hindou Oumarou Ibrahim da ƙungiyarta ta matan Fulani sun tara makiyaya Mbororo da mutanen yankin, suka ƙera siffar ƙasarsu mai tudu da kwari. Maza suka nuna hanyoyin dabbobi da ruwa, mata suka nuna inda ake samun abinci da magani a daji. Wanda bai yi lakol ba, in ka miƙa masa taswirar takarda mai layuka sai ya juya ta sama da ƙasa. Amma in ka aje masa tudun garinsu a gabansa, da hannunsa zai nuna maka gonar kakansa.

Fara da ma'auni

Kafin a yanka kwali ko ɗaya, a yanke shawara: santimita ɗaya a kan allo, mita nawa ce a ƙasa?

In wasa ne kawai na matasa, da ƴan dawakin laka ko sojoji masu tsawon kusan santimita 3, to allo mai santimita 60 yana daidai da fili na kusan mita 35. Ya isa ƙofar gari, ganuwa da rijiya.

In kuwa ƙasar gari ake so, ga lissafi mai sauƙi: santimita 1 ta tsaya wa mita 50. Da haka allo ɗaya mai santimita 60 ya ɗauki kilomita 3 a kowane gefe. Alluna 6 sun ba ku kilomita 9 a tsawo, 6 a faɗi. Gona mai eka ɗaya ta faransanci, wato mita 100 a kowane gefe, za ta fito santimita 2 da 2, kamar girman ƙwayar sukari. Burtali mai faɗin mita 50 santimita 1 ne. Layukan dogon yaro irin na Majiya, santimita 2 tsakaninsu.

Tsayi shi ne inda ake yin ɗan ƙari da gangan. In tudunku ya ɗara kwari da mita 100, a wannan ma'auni santimita 2 ne kacal, ido ba zai gan shi da kyau ba. Sai a ninka shi. A ɗauki kwali mai kaurin milimita 4, a ce kowane hawa ɗaya mita 10 ne. Hawa 10 ya ba da santimita 4. Tudu ya fito sarai. Amma a faɗa wa kowa cewa an ninka, kada wani ya ce gangarensu bai kai haka tsini ba, a fara gardama tun ba a je ko'ina ba.

Ina za a samu tsayin wurare? Akwai taswirori masu layukan tsayi na cibiyar taswirar ƙasa ta Nijar da ke Yamai, ana iya tambayar ma'aikatan gyaran karkara na gunduma ko suna da ta yankinku. Google Earth ma yana nuna tsayin wuri a waya ko kwamfuta. Ku ƴan bida masu intanet mai ƙarfi, ga inda za ku taimaka: ku ɗauko hoton garinku daga sama, ku buga shi babba, ku aiko. Sauran gyara dattawa da makiyaya ne za su yi, don sun san inda ruwa ke kwana.

Kayan aiki

Turawa suna amfani da wani soso mai tauri, ɗan uwan farin nan da ake naɗe talabijin da shi cikin kwali. In kun same shi, to. In babu, abin da ke kasuwar Madawa ko Tamaske ya wadatar:

Falankin katako mara kauri, irin wanda kafinta ke rufe bayan kabad da shi, a yanka 60 da 60, da siraran katakai na yin firam a ƙasansa.
Kwalaye masu yawa, kuma su zama kaurinsu ɗaya. Wannan sharaɗi ne.
Farin gam na kafinta, wanda muke kira kol. In ya yi tsada, kunun sitaci ko jiƙaƙƙen ƙaro.
Takardar buhun siminti ko tsofaffin jaridu.
Reza ko wuƙa mai kaifi, ƙananan ƙusoshi, fensir, abin awo.
Yashi, jar ƙasa, baƙar laka, toka, gawayi, bula, da rariya.
Zaren ulu kala-kala, allurai masu kai, tsinke, soso.

Wani zai ce, me ya sa ba za mu yi da yumɓu ba, tunda shi muka iya? Na gwada, shi ya sa nake gaya muku. Na shimfiɗa laka mai kaurin santimita 3 a kan allo ɗaya, na shanya a rana. Kafin la'asar ta tsage kamar tafki a bazara, katakon ya lanƙwashe, da na ɗaga kuma nauyinsa ya doshi kilo 20. Alluna 6 irin wannan sai amalanke. Laka tana da wurinta, amma a matsayin shafe na sama, ba ciki ba.

Yadda ake ginawa

Na farko, gindi. A sa kafinta ya yanka allunan daidai wa daida, kusurwa ta zama kusurwa. A jera su duka a ƙasa mai laushi a duba: in akwai tazarar da tsinke zai shiga, a gyara tun yanzu. A buga firam a ƙasan kowanne don kada ya lanƙwashe, a shafa fenti ko kol a fuska biyu. Katakon da aka jiƙa fuskarsa ɗaya kawai, dole ya karkace. A juya kowane allo a rubuta lambarsa, a zana kibiya mai nuna gabas.

Na biyu, hawa-hawa. A kwafi layin tsayi mafi ƙasa a kan kwali, a yanka, a manna. A kwafi na sama da shi, a yanka, a ɗora. Haka har a kai bisa tudu. Zai fito kamar matakala. A danne da duwatsu ko bulo ya kwana.

Na uku, kuma nan ne sirrin abin yake: baki. Allo mai kyau shi kaɗai ba shi da amfani in bakinsa bai haɗu da na maƙwabcinsa ba. Masu wasan yaƙi suna da doka a kan haka. Duk allunansu tsayinsu ɗaya ne a baki, kuma hanya ko rafi kullum a tsakiyar gefe yake fita, da faɗi ɗaya. Shi ya sa ko yaya aka juya allo, hanya tana samun hanya, rafi yana samun rafi. In wasa za ku yi, ku bi wannan doka: a allo mai santimita 60, tsakiyar hanya ta faɗa daidai kan santimita 30.

Ƙasar gari kuwa ba ta bin umarnin kowa, ƙorama tana fita inda ta ga dama. Saboda haka dabarar ita ce a haɗa alluna biyu, a ɗora kwali ɗaya ya haye su duka, a manna, sannan a bi tsagin da reza a raba. Abin da aka yanka daga jiki ɗaya dole ya koma ya haɗu. In kuma garuruwa biyu ne kowa ke gina nasa a gida, to a yanka kwali biyu masu siffar bakin iyaka, iri ɗaya, kowane gari ya tafi da ɗaya ya riƙa gwadawa.

Na huɗu, fata. A yayyaga takardar siminti ƙanana, da hannu, kada a sa almakashi, don bakin da aka yaga ya fi kwanciya. A tsoma cikin kol da aka sirka da ruwa, a lulluɓe matakalar nan har ta zama gangare. Shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. A inuwa ake shanyawa, inda iska ke wucewa. Inda ake son kwazazzabo ko bakin dutse, a kwaɓa laka da ƙaiƙayi mai laushi da ɗan kol, a shafa siriri, a zana da tsinke tun tana ɗanya. Kada takarda ta zarce baki ta manne alluna biyu: a sa leda a tsakani lokacin aiki.

Launi da gamawa

A nan mun fi Bature sa'a. Shi sai ya sayi fenti mai kama da ƙasa. Mu ƙasar tana ƙofar gida. A ɗebo jar ƙasa daga fako, farin yashi daga cikin ƙorama, baƙar laka daga fadama. A shanya, a daka, a tankaɗe. A shafa kol a wurin da ake so, a barbaɗa ƙasar wurin a kansa, a bari ya bushe, a karkata allon a kakkaɓe saura. Tsoho yana gani zai ce, wannan jigawa ce, wannan fadama ce, ba sai an rubuta masa ba.

Bayan ya bushe, a sirka kol da ruwa sosai, kamar kashi 1 cikin 4, a yayyafa a bisa don ƙasar ta kama. In ba a yi haka ba, duk ɗauka sai ta zube.

Masu wasan suna da dabaru biyu da suka cancanci aro. Ta farko: a jiƙa garin gawayi da ruwa mai yawa, a zuba a kan duwatsu da kwazazzabai. Baƙin zai gangara cikin tsaguna ya zauna, zurfi ya fito. Ta biyu: a taɓa burushi cikin farin fenti ko toka, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa sama-sama. Tsinin duwatsu kaɗai zai ɗauka, sai ka ga kamar rana ta haska su. In babu burushi, a tauna kan icce kamar asuwaki.

Tafki da madatsar ruwa, bula da ɗan kol. In ana son ƙyalli, a ɗiga man da kafinta ke shafa wa kujera. Itatuwa, a yayyanka soso ƙanana, a rina su kore, a soke a tsinke. Gidaje, ƴan gutsattsarin karan dawa.

Sai a yi wa dukkan allunan launi a rana ɗaya, da kwaɓi ɗaya. In an yi wannan yau, wancan wata mai zuwa, za a ga tsagi ya raba ƙasa biyu kamar zane mai faci.

Maƙiyan allo uku ne: gara, danshi da yara. Gara tana son kwali da sitaci, don haka kada a aje shi a ƙasa ko a jingina da bangon laka. A ɗora a kan tebur mai ƙafar ƙarfe, a riƙa sa busasshen ganyen dogon yaro cikin akwatin. A rufe da leda in damina ta kama. Yara kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a ba su allo ɗaya nasu.

Abin da ake mannawa da abin da ba a mannawa

A teburin wasan yaƙi, tudu da rafi suna kafe, sojoji ne ke motsi. Mu ma haka za mu yi, kuma wannan ita ce dokar da na fi so ku riƙe. Abin da kowa ya yarda da shi, a manna: dutse, ƙorama, tafki, hanyar mota. Abin da mutum ya shata, kuma ana iya gardama a kansa, kada a sa masa kol ko ɗigo: iyakar gona, burtali, makiyaya, wurin da ake son haƙa rijiya. Waɗannan da zare da allura ake nuna su. Jan zare burtali, shuɗi hanyar ruwa, kore makiyaya. A rubuta ma'anar kowane launi a wani kwali, da Hausa, da ajami in akwai masu karanta shi, kuma a karanta wa kowa da baki kafin a fara.

Dalili a fili yake. Ranar da aka shafa iyaka da fenti, wanda bai yarda ba zai ga an yanke masa hukunci yana zaune. Zare kuwa ana ɗaga shi, a matsar, a mayar.

Yadda ake zama a kansa

Ga inda wasan ya dawo. A Purusiya akwai ɓangare biyu da alƙali a tsakani. Da farko suna jefa ƙwaya irin ta ludo don yanke abin da ya faru, daga baya, wajen 1876, wasu hafsoshi suka ce a bar wa gogaggen alƙali ya yanke da saninsa. Mu wannan ta biyun ta fi dacewa da mu, babu ƙwaya, babu abin da ya yi kama da caca.

A ce ɓangare ɗaya shi ne ruwa. Su ɗauki shuɗin zare su ce: an yi ruwa mai ƙarfi cikin watan Agusta, ga inda muka taru, ga inda muka fasa. Ɗaya ɓangaren su ne gari, an ba su tsakuwa 20, kowace tana matsayin aikin gayya na mako ɗaya: jerin duwatsu, rabin wata, tassa, ko datsiya. Ina za su aje su? Alƙali, wato ma'aikacin gona ko dattijon da ya yi aikin foroje, shi zai ce wannan ta riƙe, wannan ruwa ya tafi da ita. Sau biyu ko uku za a yi, mutane da kansu za su fara kwashe tsakuwa daga bakin gonakinsu suna kai su bisa tudu.

Haka ma kafin kaka. A ba manomi ƴan shanun laka, a ce kai ne za ka sauko da garke daga arewa ka kai shi mashaya ba tare da ka taɓa gona ba. A ba makiyayi gonakin ya tsare. Wanda ya tura saniyar laka ya iske jan zare ya tsuke har ba ta wucewa, ya fahimci abin da shekara goma ta gardama ba ta fahimtar da shi ba. Kuma a tabbata mata suna wurin. Su suka san hanyar itace da ta ruwa, su kuma suka ɗauki duwatsun Keita.

Amfanin yin shi gutsi-gutsi a nan yake bayyana. Allo mai santimita 60 yana shiga ƙofar ɗaki, yana hawa bayan babur. Garin tudu su zo da nasu, garin kwari su zo da nasu, a haɗa a ranar kasuwa ko a zauren magajin gari. Ranar ce ƙoramar za ta fito daga kanta har wutsiyarta a gaban kowa. Malaman lakol ma za su samu abin koyar da labarin ƙasa da lissafin ma'auni.

Hattara guda uku

Ɗaya, allo ba takardar gona ba ne. Tun dokar karkara ta 1993, hukumomin filaye da muke kira Kofo, na gari da na komin da na gunduma, su ne ke tabbatar da haƙƙin fili tare da sarakuna. In an daidaita a kan allo, a ɗauki hoto, a kai musu su rubuta. In ba a rubuta ba, zare ne kawai.

Biyu, kada a ɗauki allo a matsayin injiniya. Yana nuna inda ruwa ke bi, amma ba ya faɗin girman datsiyar da za ta riƙe shi. Wannan aikin masana ne. Kuma kada a zuba ruwa a kan na kwali don gwaji. In ana son ganin gudun ruwa, a tara yashi da laka a waje, a zuba da buta.

Uku, lokacin da muke ciki na tsaro ne. Kafin matasa su fita suna auna tuddai suna ɗaukar hoto, a sanar da mai gari da magajin gari. Kada a sa wurin jami'an tsaro a kan allo, kada a ɗauki hotonsa.

Ga ɗan uwanmu da ya turo tambaya: wasa ne, amma ba na yara kaɗai ba. In kana son ka yi wa garinku abin da zai daɗe, kuɗin falanki 6, kol da ƙusa ba su kai na buhun shinkafar da kake aikowa da salla ba. Kwali da ƙasa kuwa suna nan. Rani ya fi dacewa da aikin, lokacin da hannu ya huta kuma kaya ke bushewa da wuri.

Duk garin da ya gwada, ku turo mana hoto da muryarku, ku faɗa mana abin da ya yi da abin da ya ƙi. Za mu sa a shirinmu na manoma da makiyaya don wasu su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya.